Masu Kiwon Tsofaffin Motoci A Ingila

Yau ƙasar Ingila za mu leƙa, mu ga sha'anin waɗansu mutane da suka ɗauki tsohuwar mota tamkar dabbar kiwo, suna wanke ta, suna shafe ta, suna kwana da tunaninta. Na san wata a cikinku za ta ce wannan ai aikin waɗanda kuɗi ya yi wa yawa ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ki bari ki ji yadda abin yake tukuna.

Da wuya ki shiga wani babban gari a Ingila ki tarar babu ƙungiyar masu tsofaffin motoci. Waɗansu na masu mota iri ɗaya ne, kamar Morris Minor ko MG, waɗansu kuwa kowace iri suna karɓa muddin dai ta tsufa. Galibi sukan taru sau ɗaya a wata da maraice, a yi hira, mai matsalar inji ya faɗi, waɗanda suka taɓa fama da irinta su ba shi shawara. Sukan buga 'yar mujalla ta kansu. In lokacin ɗumi ya shigo kuma, sai a riƙa fita ran Lahadi, a jeru a bi ƙananan hanyoyin ƙauye, a yada zango a wani fili, kowane gida ya shimfiɗa bargo ya fito da abincin da ya zo da shi. Sau da yawa akan kai motocin wajen bikin ƙauye, 'yan kallo su biya ɗan abin da ya sawwaƙa, a ba asibiti ko gidan marayu. A watan Afrilu akwai rana guda da ƙungiyoyin ƙasar duka ke fitowa kan titi, don tunawa da wata tafiyar gwaji ta mil 1,000 da aka yi a shekarar 1900.

Hukumar ƙasar ma ta san da zamansu. Motar da ta haura shekara 40, mai ita yana iya yi mata rajista a matsayin kayan tarihi, a ɗauke masa harajin hanya. To, ku dubi wannan. Kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, watau ke nan 504 ɗin da aka haɗa a farkon shekarun nan, wadda yanzu wataƙila kaji ke ƙwai a cikinta a bayan gidan wani, a ma'aunin Ingila ta isa shiga wannan sahu. Mu a nan in an ce tsohuwar mota da aka adana, hankalinmu yakan tafi ga baƙar Marsandin marigayi Janar Murtala Muhammed, wadda aka harbe shi a ciki ran 13 ga Fabrairu 1976, tana ajiye a gidan tarihi na ƙasa a Ikko. Wannan ta kallo ce, a tsaye take. Su 'yan ƙungiyoyin nan ra'ayinsu shi ne mota sai tana tafiya take mota, in aka bar ta a kulle tsatsa ce za ta cinye ta, robobinta su bushe, inji ya daskare.

Uwar waɗannan ƙungiyoyi ita ce Veteran Car Club of Great Britain, wadda aka kafa a garin Brighton a 1930. Tana da rassa a sassan ƙasar, kowane reshe da nasa fite-fiten, kuma ba ta karɓar motar da aka ƙera daga 1919 zuwa sama. Ba kuwa da baki ake faɗin shekarun mota a yarda ba. Akwai kwamitin masana da ke duba lambar inji da ta ƙashin motar, su kwatanta da tsofaffin takardun kamfani, kana su ba da takardar shaida. Shekara ɗaya tak tana iya canza darajar mota ƙwarai, dalili kuwa zai zo a gaba.

Babbar wahalar mai irin wannan mota ita ce kayan gyara, don kamfanonin da suka ƙera da yawa daga cikinsu sun mutu tun kafin a haifi kakanninmu. Saboda haka akwai kasuwannin gwanjo na musamman. Mafi shahara ita ce wadda ke ci a Beaulieu, a harabar gidan tarihin motoci na ƙasar, tun 1967. Can za ki ga dattijo ya tsuguna yana tona tarin ƙarafa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, yana neman fitila ɗaya ko wani ɗan kusa. Abin da ba a samu ba, sai a auna tsohon a ƙera sabo da hannu. A nan ne amfanin ƙungiya yake fitowa, domin ilimin nan ba ya cikin littafin makaranta, yana kan tsofaffi ne, in ba su koya wa na baya ba ya tafi ke nan.

Duk wannan hidima ta shekara, inda ta nufa shi ne Lahadin farko ta watan Nuwamba, ranar tafiya daga Landan zuwa Brighton. Asalin abin yana da ban dariya. A 1865 majalisar Ingila ta yi doka cewa duk abin hawa mai tafiya da inji a kan hanya kada ya wuce mil 4 a awa a bayan gari, mil 2 a cikin gari, kuma lalle mutum ya riƙa tafiya a ƙasa a gabansa da jar tuta. An soke maganar tutar a 1878, amma mai tafiya a gaba yana nan. Sai a 1896 aka sake doka, aka sallame shi, aka yarda da gudun da bai wuce mil 14 a awa ba. Don murna, ran 14 ga Nuwamba na wannan shekara masu motoci fiye da 30 suka tashi daga Landan suka nufi Brighton a bakin teku, bayan Lord Winchilsea ya yayyaga jar tuta a gaban jama'a. Wajen rabinsu ne suka isa. An farfaɗo da tafiyar a 1927, kuma daga 1930 ƙungiyar Royal Automobile Club ce ke shirya ta. Ban da shekarun yaƙin duniya na biyu, da 1947 lokacin ƙarancin mai, da 2020 lokacin annobar korona, kowace shekara ana yi. Har yau sai an yaga jar tuta kafin mota ta farko ta motsa.

Sharaɗin shiga ɗaya ne mai tsanani: sai motar da aka ƙera kafin 1905. Kin ga dalilin da ya sa mai motar 1904 yake taƙama, mai ta 1905 kuwa sai kallo. Motoci wajen 400 ne kan shiga, waɗansu an ɗauko su a jirgin ruwa daga Amurka da Jamus da Faransa har da Ostareliya. Ran Asabar kafin tafiyar akan jera waɗansunsu a wani titi a tsakiyar Landan jama'a su sha kallo.

Ki cire siffar motar da kika sani daga ranki. Yawancinsu keken doki ne aka cire dokin aka sa inji. Ba rumfa, ba gilashin gaba, ba ƙofa. Waɗansu ba su da sitiyari ma, sai wani ƙarfe kamar sanda da direba ke karkatawa dama ko hagu. Fitilunsu na tagulla ne masu aiki da kananzir ko iskar gas, ham ɗin kuwa na roba ne da ake matsawa da hannu. Ba a tayar da su da makulli, sai an tsaya a wana handul, in kuwa injin ya yi tutsu ya mayar da handul ɗin baya yana iya karya wa mutum wuyan hannu. Da yawa kaca ce ke juya tayoyin baya kamar ta keke. Ba duka ke shan fetur ba. Akwai masu batir, don motar lantarki ba sabon abu ba ce, akwai kuma masu tururi, waɗanda sai an hura wuta an jira tukunya ta tafasa, a hanya kuma a riƙa tsayawa ana ɗura ruwa. Akwai wata mai suna Salvesen da ke amfani da kwal, da mutum a tsaye a baya yana zuba mata da shebur kamar tsohon jirgin ƙasa.

Da fitowar rana, wajen ƙarfe 7 na safe, ake sakin su daga lambun Hyde Park, mafi tsufa a gaba tun da su ne mafi nawa. Su wuce ta gaban fadar Buckingham, su haye kogin Thames, su bi ta Croydon da Redhill, su huta a Crawley wajen tsakiyar hanya. Nisan duka kamar mil 60 ne, ya ɗara daga Kaduna zuwa Zariya kaɗan. Doka ta hana matsakaicin gudu ya wuce mil 20 a awa. 'Yan makaranta, ga lissafi: mil 60 a kan mil 20 a awa, awa nawa ke nan? Uku. To amma akwai masu kwashe awa takwas ko tara suna fama, don watan Nuwamba a Ingila lokacin ɗari ne da yayyafi, ga tuddai a kudancin hanyar. A tudun Clayton kusa da ƙarshe, mota mai ƙaramin inji takan gaza, sai fasinjoji su sauko su tura, mace da namiji, yaro da babba, 'yan kallo su taya su. Gangara kuwa ta fi hawa ban tsoro, saboda birkin zamanin can na tayoyin baya ne kawai, ba ya kuma son ruwa.

Kada ki ɗauka wasa ne zalla. Ba a rufe hanyar don su, a cikin motocin zamani suke tafiya. A 2019 wani dattijo ɗan Kanada ya kauce daga hanyar da aka tsara ya hau babban titi da motarsa ta 1903, babbar mota ta buge shi ya rasu, matarsa da ke zaune a gefensa ta ji rauni. Duk wanda ya hau irin wannan mota da iyalinsa ya san ba bel, ba bodi da zai kare shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba tsere ba ne. Ba na ɗaya, ba na biyu, ba kyautar kuɗi. Duk wanda ya isa Brighton kafin ƙarfe 4:30 na yamma lambar yabo iri ɗaya ake ba shi, ko da hantsi ya iso ko da la'asar. Saboda haka in wani ya ga motar ɗan'uwansa ta tsaya a gefen hanya, ba abin da zai rasa in ya tsaya ya ara masa sifana ko fulogi. A ganina wannan doka ita ce ta riƙe tafiyar kusan shekara 100, don da gasa ce da tuni an farfasa motocin, an kuma ɓata tsakanin masu su.

Uwargida, na san tambayar da ke bakinki: ina matansu suke a cikin wannan sha'ani? Turawan ma sun yi wa kansu dariya a kan wannan. A 1953 an yi wani fim mai suna Genevieve, sunan wata mota ce ƙirar Darracq ta 1904. Labarin wani lauya ne da ya fi kula da motar a kan matarsa, har ta kai shi ga cin amanar dokar tafiyar, ya yi caca ta fam 100 da abokinsa a kan wanda zai riga komawa Landan. Duk macen da mijinta ke kwana a gareji za ta gane kishiyar ƙarfe in ta gan ta. Motar tana nan a gidan tarihin Louwman a ƙasar Holan, kuma akan kawo ta ta shiga tafiyar. Ba na musun cewa abin yana cin kuɗi da lokaci, kuma namijin da zai sayi fitilar tagulla alhali buhun gida ya ƙare ba shi da hujja, a Ingila yake ko a ina. Sai dai a gidaje da yawa hidimar ta iyali ce gaba ɗaya. Akwai motocin da kaka ya tuƙa, uba ya tuƙa, yau jikanya ce a kan sitiyari, uwarta na gefe riƙe da taswira. Wannan kuwa ba yau aka fara ba. A 1905 wata baturiya mai suna Dorothy Levitt ta tuƙa ƙaramar De Dion-Bouton, irin da ta yi yawa a tafiyar Brighton, daga Landan zuwa Liverpool ta dawo. A littafin da ta rubuta wa mata direbobi a 1909 ta ba su shawara su riƙa tafiya da ɗan madubin hannu don duba abin da ke tahowa a baya, tun kafin kamfanoni su saba liƙa madubi a mota.

Ƙarshen tafiyar a Madeira Drive yake, wani dogon titi a bakin teku. Motocin sukan riƙa isowa ɗaya bayan ɗaya, wata da hayaƙi, wata da tururi, mai lasifika yana faɗin sunan kowace da shekararta, jama'a na tafi. Masu saukowa kuwa sai an kama hannun waɗansu, don sanyi ya ƙage musu gwiwa, fuska duk baƙin mai, a miƙa musu abu mai zafi su sha. Waɗanda motarsu ta mutu a hanya sukan iso a bayan tirela, su ma a tafa musu. Da magariba kusan kowa ya ɗora tasa ya nufi gida, washegari a tsiyaye ruwan lagireto don kada ya daskare ya fasa inji, a goge tagulla, a rubuta abin da ya lalace a hanya don a kai wa 'yan ƙungiya a taron wata mai zuwa.