Feshin magani ba aikin yaro ba ne

Malam manomi, in wake ya fara fure a gonakin Magariya da Dungas, wa kake goya wa famfon feshi? Sau da yawa yaro ne ɗan shekara 14 ko 15, ɗanka ko ɗan ƙwadago.

Ka sani, maganin ƙwari guba ne. Yana shiga jiki ta hanya uku: fata, hanci da baki. In famfo na yoyo, riga ta jiƙe, fata sai ta sha gubar. Jikin yaro kuwa bai gama girma ba.

Ga alamun guba: ciwon kai, jiri, amai, zufa da dalalar miyau. In ka gan su, cire masa tufafi, ka wanke shi da ruwa da sabulu. Kada ka ba shi nono, kada ka sa shi amai. Kai shi asibiti maza, tare da kwalbar maganin.

A shekarar 2000, Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya mai lamba 182, wadda ta hana sa yaro ƙasa da shekara 18 aiki mai haɗari. Saboda haka babba ya yi feshi, da doguwar riga da takalmi, ya rufe hanci, iska na bayansa.