A kawo mini gida

Ka taɓa aiken yaro ya sayo maka tsire, ya komo da balangu? To, ka riga ka san rabin abin da za mu karanta yau.

A manyan birane akwai shagunan da ke sayar da wani abinci, sunansa fiza. Asalinsa daga garin Naples ne, a ƙasar Italiya. Fulawa ake kwaɓawa, a faɗaɗa ta kamar faifai, a shafa tumatir, a barbaɗa cuku, a sa albasa ko nama, a gasa cikin tanda. Albasa dai ba baƙuwarmu ba ce, ga Galmi nan kusa. Amma cukunsu mai narkewa ne, ba busasshe irin namu ba.

Wani kamfani mai suna Domino's ya fara wannan sana'a a Amurka a shekara ta 1960, da shago guda. Yau shagunansa sun bazu cikin duniya. A 2012 ya buɗe a Legas. Ba dole ka zauna cikin shagon ka ci ba. Kana iya bugun waya a gasa maka, ka je ka ɗauka da kanka. Ko kuwa ka ce a kawo maka gida cikin kwali.

Mu nan Tajaye ba mu da irin wannan shago, amma aiken ba sabo ba ne gare mu. Mutum yana zaune gida, ya kira mai nama ko mai dafa-duka, ɗan kabu-kabu ya kawo. A Ƙonni haka ake yi kullum.

Inda rigima take, wajen magana ne. Mai gasawa ba ya ganin ka. Abin da kunnensa ya ji, shi zai yi. In ka ce "a ba ni nama", wane iri? Na nawa? Da yaji ko babu? Faɗi kuɗin sarai: na dala ɗari, ko na jikka guda. Tambayi kuɗin kawowa tun babur bai tashi ba, kada a yi ta gardama bakin zaure. Gidajenmu kuma ba su da lamba. Sai ka yi kwatance da abin da kowa ya sani, kamar masallaci ko rijiya. Mai iya rubutu ya fi samun sauƙi. Ya rubuta saƙo cikin salula, in an yi musu a duba.

Sai zancen sauri. Can Amurka, wancan kamfani ya taɓa yin alkawari: in fiza ta wuce minti 30 ba ta iso ba, a rage maka kuɗi. Mutane suka ji daɗi ƙwarai. Amma aka yi ta kukan cewa direbobi na gudu, ana haɗari. Wata mata da direba ya buge ta kai ƙara, kotu ta ba ta gaskiya. A 1993 kamfanin ya janye alkawarin a Amurka.

Ni kam, in na yi aike, ba na kiran yaron yana bisa hanya. Hannu ɗaya ga waya, ɗaya ga babur, ga rairayi, ga awaki. In naman ya huce, sai in ce da uwargida ta ɗora shi bisa garwashi.