Wa Ke Yanka Kuɗin Fito, Majalisa Ko Shugaban Ƙasa?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, nufina in yi ɗan bayani a kan kuɗin fito, watau harajin da kwastan ke karɓa kan kayan da aka shigo da su daga waje. Mu 'ya'yan manoman Dambatta da Bichi abin ya shafe mu ƙwarai, domin in an sauƙaƙa wa hatsin waje fito, namu ne ke faɗuwa a kasuwar Dawanau.

Tsarin mulkin 1999 ya sa dokokin kwastan a hannun Majalisar Tarayya. Amma tun 1995, zamanin soja, aka yi wata doka wadda ta ba shugaban ƙasa ikon ƙara kuɗin fito, ko rage shi, ko hana shigo da kaya. Da farar hula suka hau, wannan iko ya zauna a inda yake. Ke nan wuƙar ta majalisa ce, amma tana hannun shugaba.

A watan Agusta na 2019 Shugaba Buhari ya rufe iyakokin ƙasa don maganin fasa-ƙwaurin shinkafa. Manoma suka ji daɗi, masu awo suka ji jiki. A Nuwamba kwastan suka hana kai fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Majalisar Wakilai ta nemi a janye, amma ƙuduri shawara ce, ba doka ba. Sai Disamba 2020 aka buɗe Maigatari da Illela.

A Yuli 2024 kuma gwamnatin Shugaba Tinubu ta yi shelar ɗauke fito kan masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, har kwana 150. Wannan karon mai saye aka duba, ba mai noma ba.

To, ina amfanin majalisa? In ta yi doka, maganarta na da ƙarfi. Dokar Kuɗi ta 2020, wadda ta zartar shugaba ya sa hannu, ta rage fiton tarakta daga kashi 35 cikin ɗari zuwa 5.

A ganina, saurin shugaba na da rana lokacin yunwa. Amma manomi tun kafin shuka yake lissafin kaka, bai kamata a sake masa doka hatsi na gona ba. Saboda haka, iyayenmu, in ɗan majalisa ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi wace doka ya kawo a kan wannan.