Igiyar Petit da Kurar Gardi

Ranar 7 ga Agusta 1974 wani Bafaranshe ɗan shekara 24, Philippe Petit, ya ɗaura igiyar ƙarfe tsakanin tagwayen benayen nan na New York, sama da mita 400 daga ƙasa. Minti 45 ya yi yana kai da kawowa a kanta, har ya kwanta. Benayen sun rushe a harin 2001. Bayan shekara biyu Mordicai Gerstein ya zana wa yara labarin a littafinsa The Man Who Walked Between the Towers, wanda ya ci lambar Caldecott a 2004.

Yaron unguwar Malali ba ya ganin irin wannan wasa sai a talabijin, amma ya san gardi. Ganga na tashi, yara su watsar da talla su bi. Ga gardi da warki da layu da ƙararrawa, riƙe da sarƙa, kura na fisga da takunkumi a baki, ɗan'uwansa ya rataya mesa a wuya. Akan ɗauki yaro a aza shi a gadon bayan kura don ya daina tsoro, sannan a baje magani a sayar. Duk wanda ya ji warin kura a kusa ya san ba ƙaramar zuciya gardi yake da ita ba.

Inda wasan Petit da na gardi suka rabu shi ne abin da ake faɗa wa yaro bayan an watse. Littafin Gerstein ya nuna aikin: yadda Petit da abokansa suka yi shigar leburori, suka hau da kaya, suka harba zare da kwari da baka zuwa ɗaya benen, suka kwana suna jan igiya. Yaro zai fahimci cewa shiri ne ya riƙe mutumin a sama. Namu kuwa da an tambaya sai a ce asiri ne, gado ne, ya sha magani, shi ke nan an rufe zance. Shekarun da gardi ya yi yana ciyar da dabbar, yana karantar halinta, yana shan cizo, ba mai ba da labarinsu. Wannan ne yake damuna.

Baƙi sun riga mu gani. Pieter Hugo, mai ɗaukar hoto daga Afirka ta Kudu, ya fitar da littafin hotunan gardawan Nijeriya a 2007, na manya ne kuma da Turanci. Ga Zariya kusa da mu, inda Abubakar Imam ya yi aiki, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke yaye masu zane duk shekara. Ina son wani daga cikinsu ya zauna da gardi ya zana ɗansa ranar da aka fara miƙa masa sarƙa. Ya zana takunkumin ma yadda yake, don yara za su tambaya ko kurar na jin zafi, kuma sun cancanci a ba su amsa.