Me Ya Sa Mai Digiri Ke Sake Jarrabawa Kafin Ya Zama Malami A Indiya?

Da yawa daga cikinmu mun san ƙasar Indiya ta hanyar finafinai ne. A wannan wata za mu duba wani abu dabam daga can, wato yadda suke ɗaukar malaman makarantun gwamnati.

A Indiya, in mutum ya gama jami'a ya karɓi digiri, bai isa ya shiga aji ya kama alli ba tukuna. Ko da ya ƙara da kwas na koyon malanta, da sauran mataki guda a gabansa. Sai ya zauna wata jarrabawa ya ci. Sunanta jarrabawar cancantar malanta, a taƙaice suna ce mata TET. Wanda bai ci ta ba, ba za a ɗauke shi ya koyar daga aji 1 zuwa aji 8 a makarantar gwamnati ba.

Ga yadda abin ya faro. A shekarar 2009 majalisar Indiya ta yi doka cewa kowane yaro daga ɗan shekara 6 zuwa 14 yana da haƙƙin yin karatu kyauta, kuma tilas ne. Dokar ta fara aiki ran 1 ga Afrilu, 2010. To, in an ce kowane yaro ya zo makaranta, ai sai an nemo malamai masu ɗimbin yawa. Nan gizo ke saƙar. Ƙasar tana da dubban kwalejojin horar da malamai, kuma yawancinsu ba na gwamnati ba ne. Wasu suna horo na kirki. Wasu kuwa an daɗe ana kuka da su cewa kuɗin ɗalibi kawai suke so. Amma a ƙarshe kowa takarda iri ɗaya zai riƙo ya zo neman aiki.

Mai sayen hatsi ya san wannan matsala. In kowane mai sayarwa ya zo kasuwa da nasa mudu, wani babba wani ƙarami, ba za ka san gaskiyar abin da ka saya ba. Sai an auna da mudu ɗaya. Abin da Indiya ta yi ke nan. A watan Agusta na 2010 hukumar da ke kula da horon malamai ta sa cin wannan jarrabawa cikin sharuɗɗan ɗaukar aiki. Gwamnatin tarayya ta yi tata ta farko a 2011. Jihohi su ma suna shirya nasu.

Jarrabawar ta tarayya kashi biyu ce. Akwai ta mai son koyar da aji 1 zuwa 5, akwai ta mai son aji 6 zuwa 8. Kowace tana da tambayoyi 150. A kowace tambaya an kawo amsoshi huɗu, mutum ya zaɓi wadda ke daidai. Ana ba da awa biyu da rabi. Wanda ya sami maki 90 ya haye, ko da yake ana yin sassauci ga 'ya'yan al'ummomin da aka bari a baya.

Mai neman ƙananan azuzuwa zai amsa tambayoyi kan lissafi, da harsuna biyu, da sanin muhalli. Amma sashen da ya fi jan hankalina shi ne na sanin yaro da dabarun koyar da shi, wanda ke da maki 30. A nan ne digiri kaɗai ba ya ceto. Ɗauki misali. Yarinya 'yar aji biyu an ce ta rubuta 13, sai ta rubuta 31. Wanda ya karanta lissafi a jami'a ya san ta yi kuskure. Wannan kowa ma ya sani. Malami shi ne wanda ya gane dalilin kuskuren: yarinyar ba ta fahimci cewa akwai gurbin gomomi da gurbin ɗaiɗaiku ba. Sai ya ɗaure tsinke goma wuri ɗaya, ya ajiye uku a gefe, ya nuna mata. Wanda bai san haka ba, tsawa zai daka mata, gobe kuma ta sake rubuta 31. Irin wannan sani ne sashen yake nema.

Sakamakon shekarun farko ya girgiza mutane. A jarrabawar watan Nuwamba na 2012, cikin kowane mutum ɗari da suka zauna, ko ɗaya cikakke bai haye ba. Kuma waɗannan mutane ne da suka yi kwas na malanta. Wasu suka ce tambayoyin sun yi tsauri, lokacin kuma ya yi kaɗan, don a da awa ɗaya da rabi ake bayarwa. Daga baya an ƙara lokacin. Duk da haka, abin ya tona asirin kwalejoji da yawa.

Mene ne amfanin wannan wahala ga shi mai digirin? Na farko dai, ita ce ƙofa. Aikin gwamnati yana da albashi tsayayye, masu nemansa kuwa sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Ɗan talaka da ba shi da kowa a sama, in ya ci jarrabawar, ya riƙe shaidar da ba wanda zai ce alfarma aka yi masa. In ya faɗi yana iya sake zama. A da shaidar tana mutuwa bayan shekara 7, amma a 2021 aka mayar da ita ta har abada. Sai dai a lura, cin jarrabawar ba shi ne samun aiki ba. Izini ne kawai na shiga layin masu nema.

Kotun Ƙolin ƙasar ma ta sa baki. A 2023 ta yanke cewa mai digirin malanta ba zai nemi koyar da aji 1 zuwa 5 ba, sai wanda ya yi difloma ta koyar da ƙananan yara. Dalilinta shi ne koyar da ɗan shekara shida sana'a ce mai zaman kanta. A watan Satumba na 2025 kuma ta ce tsofaffin malamai da ke da sauran fiye da shekara 5 kafin ritaya, su ma sai sun ci jarrabawar.

Kada mai karatu ya ɗauka komai ya gyaru. Inda aka tsare ƙofa, ba a rasa masu neman haurawa ta katanga. A 2021 jihar Uttar Pradesh ta soke jarrabawarta a ranar da za a yi, saboda tambayoyin sun fita. A shekarar ce kuma jihar Rajasthan ta katse intanet a wurare da dama ranar tata jarrabawar, aka kuma kama wasu da na'urar satar amsa ɓoye cikin silifas. Ban da wannan, a ganina takarda ba za ta nuna ko malami yana da haƙuri ba, ko zai riƙa zuwa aji ran kasuwa. Wannan sai hedimasta da iyayen yara su sa ido.

Mu ma a Nijeriya muna da makamancin wannan tsari. Hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, wadda aka kafa da dokar 1993, ta fara jarrabawar tantance malamai a 2017, kuma a kan kwamfuta ake yin ta. Wanda ɗansa ya gama jami'a yana son malanta, in digirinsa ba na fannin ilimi ba ne, sai ya fara yin diflomar koyarwa. Bayan haka ya zauna jarrabawar hukumar, in ya ci a yi masa rajista a ba shi lasisi.