Intanet ta ƙwan lantarki: me za ta tsinana wa gidajen Jos?

Duk mai riƙe da rimot ɗin talabijin yana aika saƙo da haske, ko ya sani ko bai sani ba. Ɗan ƙwan da ke bakin rimot ɗin yana ƙyafta hasken infirared, wanda idon mutum ba ya gani, sau dubbai cikin daƙiƙa guda, talabijin kuma ta karanta ƙyaftawar. Da wannan dabara ake son raba intanet a cikin gida, maimakon igiyar rediyo ta Wi-Fi. Tunanin ya daɗe: a 1880 Alexander Graham Bell ya aika murya a kan hasken rana, a 1979 kuma masu bincike na kamfanin IBM a Zurich suka nuna yadda kwamfutoci za su yi magana da juna da infirared a ɗaki ɗaya. Farfesa Harald Haas, wanda a lokacin yake Jami'ar Edinburgh, shi ne ya fito da sunan Li-Fi a 2011. Fasahar gaskiya ce, tana aiki, amma matsalar da take magancewa daban take da wadda ke damun yawancin gidajen Jos.

A talla, ƙwan da ke haskaka falo shi ne zai kawo intanet. A aikace abin ya fi haka wuya. Farin ƙwan LED asalinsa shuɗin haske yake fitarwa, sai a shafe shi da wani sinadari mai mayar da wani sashen hasken rawaya, su haɗu su ba da fari. Wannan sinadari yana da nawa wajen kunnuwa da mutuwa, don haka yana rage gudun saƙo. Ga kuma batun amsa: dole waya ta mayar da saƙo sama, kuma ba mai son wayarsa ta yi ta haska masa fuska. Sai kuma dare, lokacin da mai gida ke son kashe wuta ya kwanta alhali yana sauke wani abu. Waɗannan na cikin dalilan da suka sa ƙa'idar IEEE 802.11bb, wadda aka amince da ita a 2023, ta tsaya kan infirared mai tsawon zango tsakanin nanomita 800 zuwa 1,000, da gudun da ya kama daga megabit 10 zuwa gigabit 9.6 a daƙiƙa. Abin da zai shigo kasuwa ke nan ya fi kusa da rimot fiye da fitila.

Babbar fa'idarsa ita ce haske ba ya ratsa bango. A gidajen haya na Anguwar Rogo, Gangare ko Rikkos, inda ɗaki ke manne da ɗaki, Wi-Fi ɗin maƙwabta na cin karo da juna a zangon gigahaz 2.4, kalmar sirrin mutum kuwa kan zaga gida har ta fita layi. Da haske, rufe ƙofa da sakin labule sun isa su tsare saƙo. Sai dai wannan fa'idar ita ce kuma tsadarsa. Kowane ɗaki sai an sa masa na'urarsa a silin, an ja mata waya daga tushe, ga shi wayoyin hannun da ke shagunan Terminus ba su da idon karɓar saƙon, sai an maƙala musu wata 'yar na'ura. Rauta guda ta Wi-Fi kuwa tana wadatar da ɗaki uku da tsakar gida.

Wani zai ce ai zancen ya mutu tun daga batun wuta, tun da garin da kamfanin NESCO ya fara ba ma'adinan kuzansa lantarki daga Kurra kusan shekara ɗari da suka wuce, yau yana zaman jiran wutar kamfanin rarraba lantarki na JED. Wannan hujja ba ta da ƙarfin da ake zato. Na'urar haske ba ta cin wuta sosai, batir da ƙaramar sola za su riƙe ta, kamar yadda suke riƙe rauta. Hasken rana ma ba ya kashe ta, domin ana tace shi, ko da yake rana mai dukan na'urar kai tsaye tana rage mata inganci. Inda gizo ke saƙar shi ne bakin ƙofa. Li-Fi rabawa yake yi, ba ya kawo komai daga waje. Gidan da intanet ɗinsa ke shigowa ta layin waya a cikin MiFi, mai tafiyar hawainiya da zarar magariba ta yi, ba zai ga canji ba ko da an zuba gigabit tsakanin silin da tebur. Sabon kan famfo ne a gidan da ruwan Lamingo bai iso ba. Kuɗin da za a kashe a kansa gara a kashe shi wajen jawo wayar faiba zuwa unguwa.

Wurin da fasahar za ta fara biyan kuɗinta a Jos shi ne inda mutane da yawa ke cunkushe a ɗaki guda kuma akwai faiba a gindin ginin: cibiyoyin rubuta jarrabawar JAMB, ɗakunan karatu na Jami'ar Jos, ko sassan asibiti irin na JUTH inda ake kaffa-kaffa da igiyar rediyo kusa da wasu na'urori. A can kowace na'ura za ta ɗauki 'yan tebura kaɗan ba tare da ta shiga gonar ta kusa da ita ba. Gidaje sai daga baya, idan masu ƙera waya sun saka idon a cikinta. Hanyar hakan a buɗe take, domin an tsara 802.11bb ne cikin dangin ƙa'idojin Wi-Fi, ta yadda waya za ta iya amfani da haske a falo, ta koma rediyo da zarar mai ita ya fita tsakar gida.