Mazaunin Injin Kwale-Kwale: Aikin Kafinta Na Yini Ɗaya

Daga Wakilinmu na Arewa

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafki ya malale har Yauri, injin nan da ake maƙalawa a gindin kwale-kwale ya zama jarin masunta da masu fito. 'Yan'uwanmu mazauna Ikko da Anacha da Fatakwal sukan tara ɗan abin da suka samu su saya wa na gida, wasu kuma can bakin teku suke neman abinci da shi. Abin takaici, sai ka ga an zuba dukiya an sayo Yamaha, amma in an tashi daga aiki a kwantar da shi ƙasa kamar buhun gero.

Wannan ganganci ne. Inji yana zuƙar ruwan kogi don kada ya yi zafi, ruwan kuwa ba ya tsiyayewa sarai sai yana tsaye. In kansa ya fi farfela yin ƙasa, ragowar ruwan kan bi hanyar hayaƙi ya shiga silinda, tsatsa ta kama. Ranar da zai nuna halinsa kuwa a tsakiyar kogi ne, ga mutane ga kaya.

To, maganin ba shi da tsada. A sami katako mai ƙwari, maɗaci ko loko. Kafinta ya fara auna injin daga maƙalarsa zuwa ƙarshen ƙafarsa, ya ƙara taƙi guda, watau tsawon ginshiƙai biyu ke nan. A tsakaninsu, daga sama, ya gicciya allo mai kaurin inci 2 da tsawon ƙafa 2, wanda zai tsaya a madadin gindin jirgi.

Wajen ƙafafu ne akan yi kuskure. Mai ƙarfin doki 40 yakan kai kilo 70, nauyin kuma yawanci a kansa yake, ga shi yana rinjaya ta gefen da ya rataya. Saboda haka ƙafafun da ke kwance a ƙasa kada su gaza ƙafa 3, kuma su fi tsawo ta wannan gefen. Kowane ginshiƙi a tokare shi da katako a karkace. A ɗaure da noti, a bar ƙusa, don girgizar inji tana zare ta sannu a hankali. Wanda ya yi rowar noti takwas, wata rana zai sayi murfin inji sabo, in ma bai karya ƙafar yaro ba.

Amfani na biyu shi ne gwaji a gida. A yanke duro rabi, a tura shi ƙarƙashi, a cika da ruwa har ya rufe faifan da ke bisa farfela, sa'an nan a tayar, ba tare da an sa giya ba. Lalle kada a tayar da shi a bushe ko da na ɗan lokaci, gama robar da ke tura ruwa nan da nan take ƙonewa. A fili kuma za a yi, hayaƙinsa a ɗaki kisa yake yi.

Ku mutanen Badagry da Epe da sauran masu aiki inda ruwan gishiri ke shiga, ku ne kuka fi bukatar duron nan. In an dawo, a bar inji ya sha ruwan daɗi na 'yan mintoci kafin a rufe shi da buhu.